Tayoyi Biyu Sun Kusa Kashe Mu a Hanyar Suna

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Germantown, ni da yayata da ta zo daga Kaduna don sunan jikarta ta fari. 'Yar tata tana aure can cikin duwatsun yammacin Maryland, tafiyar awa biyu da wani abu. A but ɗin motar akwai kula cike da masa da tukunyar miyar taushe.

Kafin tafiyar na je wurin mai taya. Ya ce tayar hunturu sai huɗu gaba ɗaya. Na ce masa ba yau na fara mota ba. Mu can Kaduna, biyu ake canzawa, sababbi a gaba, tsofaffi su lallaɓa a baya. Ya yi ta bayani, na ɗauka wayon ciniki ne. Biyu na saya.

Titin 270 fes yake, an watsa masa gishiri don narkar da ƙanƙara, har Yaya tana jimamin ɓarna. Bayan Frederick muka tsaya shan mai, ta kurɓi shayin gidan man ta ce ruwan wanke kofi ne. Da muka fara hawan dutse dusar ƙanƙara ta sauko, fari fat ko'ina.

A wata gangara mai kwana na ɗan taɓa birki. Gaban motar ya kama titi daram, bayan kuwa ya ce bai san zancen ba. Muka juya kamar faifai. Sitiyari yana hannuna amma ba ni ke tuƙi ba. Muka daki ƙarfen gefen titi, muka tsaya muna kallon inda muka fito, ƙasa da mu wani rami da ban ga ƙarshensa ba. Yaya ba ta yi ihu ba, salati take a hankali. Ni ko ƙafata ban iya ɗagawa daga birki ba.

Mai janwe ya zo, ya zagaya motar sau ɗaya. Ya ce robar tayar hunturu taushi gare ta a sanyi, ta baya kuwa ta sandare, dole bayan ya zame. In ba za a sa huɗu ba, gara ma a bar tsofaffin duka. Maganar mai taya ce sak.

A kujerar gaban janwen muka isa, an riga an raɗa suna. Miya ta wanke but. Yaya ta karɓi jaririyar, ta dube ni ta ce, "Ke dai tun kina yarinya ba a gaya miki magana ki ji."



Kwana uku muka yi, surukin Yaya ya maido mu gida a motarsa. Abin da na koyo: dabarar titin Kaduna ba ta aiki a kan ƙanƙara, kuma ba kowane mai sayarwa ne macuci ba. Washegari na koma wurin mai taya, na ba shi haƙuri a gaban mutane, na ce ya ajiye mini biyun da suka rage.