Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina a Bakin Kwalbati

Assalamu alaikum Edita. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabciyata mai aikin unguwarzoma ce ta riƙe mini biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, yadda ta fito daga bakina haka za ta sa.

A shekarun da nake ba da labari, duk wanda ya zauna unguwarmu ta bakin hanyar da ke fita Funtua zuwa Maska ya san ni, kuma ba kowa ya san ni da daɗi ba. Ni ce tsohuwar da ke suyar ƙosai a 'yar rumfa bakin titi, wadda matan unguwa ke kira Sarkin Lambatu in na ba da baya. Kun san halin matanmu: da hadari ya haɗo sai kowa ta fito da kwandon shararta ta juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. To ni ba a gabana ba. Na sha sa matar aure ta durƙusa ta tsame ledojinta da hannu, mijinta na tsaye yana kallo. Ba don neman faɗa nake yi ba. Gidanmu ne a kwari, duk ruwan unguwa ta ƙofarmu yake gangarowa, ya shiga kwalbati, ya ratsa ƙarƙashin titi, ya fita wancan gefen ya nufi fadama. In kwalbatin nan ya toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai ɗakin Malam.

Malam shi ne mijina na biyu, tsohon mai ɗinkin buhu a kasuwar hatsi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ba ya tashi sai an tashe shi. Ɗakinsa na ƙasa ne, shi ya gina shi da hannunsa, bayansa na jingine da lambatu. Akwai 'yar taga da yake jin gaisuwar masu wucewa ta cikinta, kuma ita ce kaɗai duniyar da ta rage masa. Ɗayan ɗakin namu rufinsa ya daɗe da zubewa, awaki ke kwana ciki.

Ina da ɗa da marigayi mijina na farko, Allah Ya jiƙansa. Yaron shi ne ɗan farina. Mu a yadda aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ni kuma na riƙe kunyar nan fiye da kowa a danginmu, har ana kwatance da ni. In ya zo gaishe ni nakan juya fuska ga bango in amsa a ciki. Na ɗauka ya san abin da ke raina, domin babu tuwon sallar da ban aika masa a ɓoye ba. Ya girma, Allah Ya buɗa masa a harkar masara, ya je Makka, aka koma ce masa Alhaji.

Wata shekara da rani ya sayi filin da ke tsallaken titi, daidai inda kwalbati ke amayar da ruwa. Ina zaune gaban kaskona na ga motoci suna juye marmara. Kullum tudun na ƙaruwa, har bakin kwalbatin ya ɓace, aka dandaɓe, aka zuba siminti, aka ɗora sito, don manyan motoci su riƙa yin baya suna lodi. Ni da ke hana mace zubar da ɓawon gyaɗa, ina kallo aka binne hanyar ruwa ɗungurungum, bakina a rufe.

Na aika ƙanwata ta gaya masa ya buɗe ramin nan kafin damina, in ba haka ba zai kashe mutum. Ita kuwa da ta je aka shimfiɗa mata darduma aka kawo mata lemo, sai ta ce masa wai Inna na gaisuwa, tana cewa in da hali a ɗan duba wajen ruwa. Na roƙi liman, shi ma ya je ya yi masa nasiha a kan haƙƙin maƙwabtaka, bai ko ambaci kwalbati ba. Duk saƙon da na aika da zafinsa, kafin ya tsallaka titin nan ya huce.

Gab da faɗuwar damina ma'aikatan hanya suka zo da gwangwanin jan fenti, suna sa alama a duk abin da ya ci titi ko ya hau magudanar ruwa. Babbansu mutum ne mai ladabi. Ya rusuna ya ce mini Hajiya, an ce ke kika fi kowa daɗewa a nan, ina bakin kwalbatin nan yake fita, kuma siton can na wane ne? Wallahi amsar na bakina. Amma in amsa sai na nuna shi da yatsa, sai na faɗi sunansa a gaban baƙi, kuma ga shi can tsaye ƙofar sito yana kallona. Na sunkuyar da kai na ce a tambayi maza. Mazan da ke wurin kuwa 'yan dakonsa ne, suka haɗa baki suka ce ai wannan kwalbati ya mutu tun tuni, ruwa ya sake hanya. Aka wuce sito ba a taɓa shi ba. Rumfata ce aka shafa wa jan fenti, don ƙafarta ɗaya ta ɗan leƙa titi, aka kuma cire ta a ranar. Matan da na saba kora suka fito ƙofar gidajensu suna guɗa, wata na cewa yau an tuɓe Sarkin Lambatu.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, ya zo bakin kwalbati ya tsaya, ya kumbura, ya kwanta jikin bangon Malam kamar tafki. Da ya janye sai ga bangon ya yi baƙi har gwiwa, in ka danna yatsa ya shige. Na ɗora gadon Malam a kan bulo. Na ce mu kai shi gidan ƙanwata, ya girgiza kai, da harshensa mai nauyi ya ce ba zai je ya mutu a zauren surukai ba. Na kwashi ƙasa na yi ta liƙe gindin bango, kowane ruwa ya zo ya wanke.

Daga ƙarshe na yafa mayafi na tsallaka titi da ƙafata, abin da ban taɓa yi ba. Na sami Alhaji zaune kan buhu ana auna masara. Ban dube shi ba, na dubi babban ɗan dakonsa na ce a gaya wa mai wurin nan ruwansa na cin ɗakin marar lafiya. Shi ma bai dube ni ba. Ya ce wa ɗan dakon a gaya wa tsohuwar nan mai wurin yana da suna, in ta san shi ta faɗa. Na kawar da kai gefe. Ya ce to a gaya mata shi bai san yana da uwa a tsallaken titi ba, ya dai san wata mata da ke juya masa ƙeya tun yana rarrafe, sai yau da rami ya haɗa su ta tuna hanyar wurinsa. Ya ce kuma wanda ke kwance ba ubansa ba ne, in ruwa ya dame su ya ji ana saida kwalekwale a Yawuri. 'Yan dako suka fashe da dariya, har wani na kwaikwayon tuƙi da ludayin awo. Ya ce a ɗebo mata tiya guda, kada a ce ta zo ta koma hannu rabbana. Ban karɓa ba. Na koma gida, amma ko a hanyar ban yarda na furta sunan a zuciyata ba.

Ranar da abin ya faru cikin marka ne, bayan azahar, ina gidan suna a bayan layinmu. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, na fito ba takalmi. Kafin in iso ruwa ya kai cinya a ƙofarmu, ledoji da ɓawon rake na yawo a tsakar gida. Na tura ƙofar Malam ta ƙi buɗuwa, bango ya zauna ya danne ta. Ina jin shi ciki yana kiran sunan Allah da muryar nan tasa da ba ta fita sosai. Na dubi tsallake, ga majiya ƙarfi sun fi goma a rumfar sito suna jan tamfol kan buhuna, Alhaji yana tsakiyarsu. A nan na tsaya tsakiyar titi na buɗe baki na kira sunansa, sunan da aka raɗa masa ina ɗaki ina rufe fuska. Na kira na sake kira har maƙogwarona ya tsage. Kowa ya waiwayo, mata suka leƙo suna salati, wai tsohuwa ta zautu. Shi ma ya waiwayo. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce wa yaransa su fara gama rufe masara. Ba su gama ba na ji ƙarar a bayana. Bangon baya ne ya kwanta, azara da ƙasar rufi suka bi shi.

Da la'asar aka tono Malam. Washegari katafila ta zo, kafin hantsi ya dubi ludayi ta fasa simintin sito ta buɗe kwalbatin, ruwa ya wuce fadama yana gudu kamar ba abin da ya faru. Babban ma'aikatan nan ya gane ni a wurin zaman makoki. Bai zarge ni ba, ya dai ce Hajiya, da kin nuna mana. Alhaji ya zo gaisuwa ranar uku da buhun shinkafa, ya zauna cikin maza aka yi addu'a da shi. Kafin arba'in ya aiko dillali wai in zan saida kangon yana so, motocinsa ba su da wurin juyawa.

Ban saida ba. Ina nan a ɗakin awakin da aka rufa mini da kwano, kuma har yau ina gadin lambatu, sai dai yanzu ba na tsayawa kan mata da kwandon shara kaɗai. Na gane abin da ban gane ba da: na yi shekaru ina hora marasa ƙarfi a kan leda, na ƙyale mai mota da siminti don nawa ne. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba, amma ba a yi ta don a rufe baki ana binne hanyar ruwa ba. Hanyar ruwa ba gadon kowa ba ce, wanda ya toshe ta a ƙofarsa ya aika ta ɗakin wani ne. In kun ga ana juye ƙasa a bakin kwalbati, ku yi magana tun motar farko, ku faɗi sunan mai yi da ƙarfi a gaban hukuma, ko da ku kuka haife shi. Ku kuma iyaye mata, ku bar 'ya'yanku su ji sunansu a bakinku tun suna ƙanana. Ni sau ɗaya na kira nawa, kuma ya ce a fara rufe masara.