Kukan Malam a Bakin Kanal

Maigidana ya daɗe yana koyar da noman rani a jami'a, da alli da allo. Da aka ce kowane malami ya riƙa ɗaukar darasinsa a bidiyo yana ɗora wa ɗalibai a intanet, tsararrakinsa suka yi ta gunaguni. Shi kuwa murna ya yi. Wata Juma'a ya dawo gida Mafara da sabuwar waya, ya ce, "Hajiya, gobe bakin kanal za ni kai ajina."

Na raka shi wajen garin Bakura, ni na riƙe wayar. Ya tsaya a gefen shinkafa, ya naɗe ƙafar wando, yana bayanin yadda ruwan dam ɗin Bakolori ke biyo kanal ya shiga gonaki. Da bayani ya zo kan dam ɗin kansa, sai ya ce gonar mahaifinsa ta Maradun tana ƙarƙashin ruwan nan. Muryarsa ta karye. Ya yi kuka, kafaɗunsa na rawa. Bai iya yanke bidiyo ba, haka ya ɗora shi.

Ɗalibai suka yanko wurin kukan, suka sa masa kiɗan biki. Kafin ya sake zuwa gida, abin ya shiga wayoyin 'yan kabu-kabu. Ran kasuwa mahauci ya miƙo mini nama yana murmushi, ya ce, "Hajiya, na ƙara tsoka, Malam shi samu ƙarfin kuka."

Shugaban sashensu, wanda Malam ya koyar da hannunsa, ya haska bidiyon a taron malamai don a ga yadda ba a yi. Aka yi ta dariya, Malam na zaune. Ƙarshen zango aka karɓe darasin aka ba wani matashi. Sauran bidiyoyin da ya ɗauka kuwa aka ci gaba da koyarwa da su, an goge sunansa.

Na ce ya kai ƙara. Ya ce, "In ce mi? Kukan nawa ne, ba ƙage aka yi mini ba."

Ya ajiye aiki kafin lokacinsa. Ya daina shiga kasuwa, masallaci ma sai sahun baya. Ranar sunan jikarmu ta fari, da aka ɗago waya za a yi hoto, ya miƙa mini jaririyar ya shige ɗaki.