Na Ƙunshe Gishiri da Waƙoƙin Ɗiyata

Ina yi wa masu karatu sallama daga Agadas. Lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru ni mai rumfar gishiri da dabino ne, mazaunin unguwar Dagmanet. Karatuna bai wuce na allo da ƴan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ina ji kamar babu wanda ya kai ni sanin duniya. Idan ayari ya sauka daga Bilma ni ake kira in duba kantun gishiri, in ƙwanƙwasa shi da yatsa in faɗi mai ƙwari da mai rami. Matata ta rasu ta bar mini ɗiya tilo, ita ce dalilin wannan wasiƙa. Yau ina cikin murna, amma bari in fara da laifina.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, ɗiyata tana lise, wato babbar sakandare. Makiyaya sun daina zuwa rumfata, don wanda garkensa ya ƙare wa zai saya wa kantu? Wata rana da hantsi maƙwabcina mai ɗinkin takalma ya ƙara muryar radiyo ya ce in saurara. Sai na ji wata yarinya tana zubo magana kamar ƙanƙara bisa kwano, Hausa da Faransanci da ɗan Buzanci, tana zancen rijiyoyin da suka ƙafe da matan da ke tona gidan tururuwa neman hatsi. Kafin ta kai baiti na biyu na gane muryar ɗiyata ce. Maƙwabcin ya bushe da dariya, ya dube ni ya ce ashe Alhaji maroƙiya ya haifa, yaushe za a sayo mata kalangu. Rap suke ce wa irin wannan waƙa. Ni kuwa abu biyu suka tsaya mini a rai: a zuriyarmu ba a taɓa roƙo ba, ga kuma tsoron kada wani mai kaki ya ji zancen yunwa ya ɗauka da shi ake.

Ban yi mata faɗa ba, da ma faɗan na yi. Washegari bayan ta tafi lakwal na ɗauko kayenta, babban littafin da take rubuta waƙoƙin a ciki, na tafi da shi kasuwa. Mu masu rumfa ba ma zubar da takarda, da ita muke ƙunshe kaya. Na riƙa yage shafi ina naɗe shi kamar ƙaho, in zuba gishirin miya, in miƙa wa mai saye. Kwana uku littafin ya ƙare. Ita tana can tana birkice ɗaki, har ta ga wata maƙwabciya ta dawo daga cefane da ƙunshi mai rubutun hannunta. Ta zo rumfa ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta tambaye ni ko shafukan ƙarshe, masu jan alƙalami, sun saura. Na ce mata babu, na ƙara da cewa a shekara irin wannan gishiri ya fi waƙa amfani. Sai ta gaya mini waɗannan ba nata ba ne. Waƙoƙin daka ne na mahaifiyarta, ta rubuta su daga bakinta tana kwance a jinyar ƙarshe, kuma ba ta hardace su ba domin duk sanda ta buɗe wurin kuka ke hana ta karantawa.

Da aka yi hutu ta tafi wurin gwaggonta a Yamai, ba ta dawo ba. Sunanta ya cika ƙasa, ana kiranta har ƙasashen maƙwabta. Sojan da nake tsoro bai taɓa zuwa ba. Maƙwabcin nan mai zancen kalangu ya koma yi wa baƙi alfahari wai a gabansa ta girma. Ni kuma ina sauraron waƙoƙinta a ɗaki da ƙaramar murya kamar ɓarawo. Tana kira ran Salla ta gaishe ni da ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo.

To, bara sai ga ta! Ta ajiye waƙa ta kama sana'a, ta buɗe wurin aiki a nan garinmu, ta tara mata da yawa, cikinsu har da waɗanda fari ya raba da dabbobinsu tun wancan lokaci. Suna tace gishirin Tigidda da na Bilma, suna zaɓen dabino, suna zubawa a ƴan jakunkuna masu kyau da ake lodi har Yamai da gaba. Ta riƙe hannuna tana zagayawa da ni. A bayan kowace jaka an buga baiti ɗaya na waƙarta. Ta ce wa matan su gaida mai gidan na asali, wai Baba ne ya fara sayar da gishiri cikin waƙa, ita gado kawai ta yi. Suka yi ta guɗa, ni ina dariya hawaye na zuba. Har aiki ta ba ni: babu kantun da ke shiga sai na ƙwanƙwasa shi.

Sai na ɗauki jakar jan gishirin Tigidda na juya, na ga bayanta fari fat. Na tambaye ta ko masu bugawa sun manta. Ta ce a'a, wurin waƙar Inna ne, haka zai zauna.

Ta yafe mini, na sani, amma yafiya ba ta mayar da shafi. Iyaye ƴan'uwana, idan kuka ga ɗanku ya ɓoye abu yana tattalinsa, ku tambaye shi mene ne kafin ku sa hannu. Ni da ke ƙwanƙwasa gishiri kafin in yanke masa hukunci, ban buɗe littafin ɗiyata na karanta ko layi ɗaya ba. Kuma ina roƙon tsofaffin matan Dagmanet, duk wadda ta taɓa daka tare da marigayiya tana tuna ko baiti ɗaya, ta zo ta faɗa mana. Bayan jakar yana jira.