Malama Habi ta Ɗakin Gwaji

Tun kafin masu albasa su fara lodi a bakin hanyar Taloka, Malama Habi ta riga ta buɗe ɗakin gwaji na ƙaramin asibitin da take aiki, ta goge madubin duba ƙwayoyin cuta, ta jera kwalaben jini da na fitsari. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma a watan nan take ajiye aiki.

Kowa da abin da zai ce a kanta. Wanda na gani da idona shi ne na Tani, matar Iliyasu masunci. Taifot ya kwantar da ita, aka ba ta maganin da aka saba bayarwa, kwana biyar jiki sai ƙara zafi yake yi. Malama Habi ta hana a ci gaba da canza magani a makance. Ta ɗebi jinin Tani, ta shiga mota da kanta ta kai Sakkwato aka yi babban gwaji. Sakamako ya nuna ƙwayar cutar ba ta jin wannan magani ko kaɗan.

Iliyasu ya ce, "Malama, mi ya kawo haka? Kafin wanga ciwo Tani ba ta taɓa shan maganin ga ba."

Ta ce, "Ita ba ta sha ba, amma ƙwayar da ta kama ta, koya mata anka yi. Kafson da kuke zuba ma kaji da awaki cikin ruwa shina kashe ƙwayoyin cuta masu rauni, masu taurin kai su tsira. Waɗanga suna ɗauke da wani ɗan guntun gado da ke hana magani cin su. In sunka gamu da wata ƙwaya cikin hanji ko ruwan fadama, ko ba dangi ɗaya suke ba, sai su manne su miƙa mata. Ita ma ta iya ke nan, ɗiyanta su gada."

Aka koma kan maganin da gwajin ya nuna. Rana ta huɗu Tani ta tashi zaune ta nemi fura.

Daga nan Malama Habi ta bi shagunan magani ɗaya bayan ɗaya, tana roƙonsu su daina sayar da kafso ba takardar asibiti. Alhaji Lauwali mai kemis ya yi mata gardama har sau uku. Yau in ka nemi kafso biyu wurinsa ba takardar asibiti, shi zai fara yi maka bayani.

Malama, ke ce mai ganin abin da idonmu ba ya gani, kika kuma faɗa mana shi da harshenmu har muka gane. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma 'yan baya da za ku zauna a kujerarta, ku gwada kafin ku rubuta magani, kuma in an tambaye ku dalili, ku tsaya ku amsa.