Sauran Maganar Kawu

Ƙamshin shayin na'ana'a ne ya tuno min da marigayi kawuna, mai shagon ɗinki a unguwar Utaibiyya. Wata rana muna shan shayi, ya ce min maƙwabcinsa ɗan ƙasar Burma ya taɓa ba shi labarin mabiya addinin Buddha, masu zama shiru suna lura da shigar numfashi da fitarsa, wai har zuciya ta waye.

Na ce, "Kawu, suna kuwa samun wayewar?"

Ya ajiye almakashi. "Wallahi ban sani ba, ɗana. Ni dai da na gwada, na ga ashe fushi ma baƙo ne, yakan zo ya wuce. Sauran sai gobe wajen shayi."

Goben ba ta riske shi ba. Har yau sauran nake jira. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu.