Baƙin Yamai da Ba Su Sake Tambaya Ba

Shekarun baya can, lokacin ina malamin gona a Geskeru, labari ya iso mana cewa gwamnati za ta kwashe malaman gona daga ƙauyukan bakin Komadugu, ta tara mu a biro ɗaya, wato ofis, cikin Diffa. Ba wanda ya tambaye mu. Ni kuwa manoman tattasai sun saba, da tsutsa ta faɗa gona sai su buga mini ƙofa tun ban wanke fuska ba. In na koma Diffa, kafin saƙo ya same ni gona ta tafi.

Ƙungiyarmu ta malaman gona ta yi ta kuka, har aka ce za a turo tawaga daga Yamai ta saurare mu kafin a sa hannu. Muka yi murna kamar an yi mana haihuwa. Da aka zo zaɓen mai magana, wa za a zaɓa in ba babbanmu ba? Dattijo ne Babarbare, ya kusa ritaya, Baba kowa ke ce masa. Ni da rawar kaina na zaunar da shi ina koya masa abin da zai faɗa, shi kuma yana ta cewa, "Na ji, yaro."

Baƙin suka iso bayan azahar, idanu jajur, hanya ta gama da su. Shugaban tawagar ya yi bayaninsa da Faransanci, sannan ya juyo ya ce, "Wakilin ma'aikata, muna sauraro. Akwai matsala?"

Baba ya miƙe, ya gyara riga. Ya gaishe su da gajiya, ya tambayi iyali, ya yi addu'a. Sannan ya ce, "Ranku ya daɗe, lafiya lau muke, ba komai sai alheri. Ku huta." Ya zauna.

Na ja hannun rigarsa na ce, "Baba, maganar ƙaura fa?"

Ya harare ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, ba ka da kunya? Mutum ya taso tun daga Yamai, ko ruwa bai sha ba, ka ɗora masa kuka? Gobe, in sun karya kumallo."

Haka ake yi a wajenmu. Ba ka faɗa wa baƙo damuwarka a tambayar farko, sai ya ci, ya kwana, ya sake tambaya. Kuma in babba ya yi magana gaban baƙi, ƙarami ba ya gyara masa. Har ni mai baki na saki rigarsa, na bar maganar. Shugaban ya yi murmushi, ya ce bai taɓa ganin ma'aikata masu haƙuri kamar na Diffa ba, ya rufe taro.

Washegari da safe muka raka Baba masaukin baƙi, da kwanonin kifin da iyalinsa suka dafa da butar shayi. Tsakar gidan fayau, ba mota ko ɗaya. Mai gadi ya ce tun da suka yi asuba suka kama hanyar Damagaram.

Baba na tsaye da kwano a hannu. Ya ce, "Sun tafi? Ba su sake tambaya ba?" Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har na kasa duban idonsa. Ba a yi nisa ba muka ji a rediyo cewa an tuntuɓi ma'aikatan Diffa, kuma sun amince. Aka kwashe mu.

Na daɗe ina jin haushin Baba, amma yanzu na daina. Shi ya girmama baƙo yadda aka koya masa, su kuma sun yi tambaya sau ɗaya yadda aka koya musu, kowa ya tashi yana ganin an tuntuɓi juna. Tun daga nan, duk taron da ƙungiyarmu za ta yi da manya, sai mu ce su kwana tukuna, a zauna da safe.

Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne wani manomi da ya biyo ni Diffa a shekarar, da tattasai cikin buhu, duk ya bushe. Ya zazzage shi kan teburina ya ce, "Malam, mun ji a rediyo ku kuka ce kun yarda. Me muka yi maka?"