Allurar man motar Baba

Baba ya yi shekaru yana jigilar gero da wake tsakanin Gazawa da Cadawa a wata tsohuwar a-kori-kura wadda ta girme ni. Yana da doka guda: ba ya fita da mota in allurar mai tana kwance. Tun ranar da mai ya ƙare masa a daji da buhunan mutane, ya rantse ba zai sake ba. Ko ya zuba mai da hannunsa, sai ya ga allura ta ɗaga yake yarda.

To, sai allurar ta kwanta ta ƙi tashi. Bakaniken garinmu, wanda abokinsa ne tun suna samari, ya buɗe, ya rufe, ya ce abin da ke ɗaga ta a cikin tanki ya mutu, kuma an daina yin irinsa. Motar ta zauna a ƙofar gida tun kaka, kaji na kwana ƙarƙashinta. Shi ne Baba ya aika a kira ni daga Maraɗi, inda nake gyaran injin ban ruwa.

Ni dama ban taɓa yarda da bakaniken nan ba. Mutum ne mai yawan dariya kafin a yi abin dariya. Tun a hanya na gama yanke masa hukunci: ya cire na asali ya sa wa wani, ya maƙala wa tsoho matacce. Da na iso, Baba ya ƙara mini zargi.

"Kowa a gidan ga da abin da ya sani," in ji shi. "In na yi maganar mota, sai su kama kallon ƙasa."

Ya faɗi haka yana kallon gefen kafaɗata. Da na miƙa masa hannu, sai da ya lalubo shi. Na ga farin da ya hau idonsa na dama, amma raina na kan ɓarawo.

Da hantsi na cire wayar batir, na hau bayan motar, na ɗaga murfin da ke saman tanki. Kusoshin sun kwance ba gardama, alamar ba a daɗe da taɓa su ba. Na zaro abin a hankali. Ɗan ƙarfe ne siriri mai ƙwallo a baki. Ƙwallon na iyo a kan mai, in ya tashi allura ta tashi. Na asali ne, ba a canza komai ba. Sai dai an ɗaure ƙarfen ƙasa da wayar tagulla, an murɗe ta tsaf, ɗaurin wanda ya san aikinsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato so yake tsoho ya gaji ya sayar masa da motar a banza! Na warware wayar, na goge tsatsa, na mai da batir, na murɗa makulli. Da na ɗaga ƙwallon da yatsa na leƙa ta gilashin baya, allura ta miƙe kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Ina cikin haka na ji motsi. Inna ce da kwanon ruwa. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta ajiye kwanon, ta dubi tayar mota, ta yi maganar kamar da tayar take.

"Ni na roƙi bakaniken ya ɗaure. Ran kasuwar Cadawa saura kaɗan maigida ya take wata mata da goyo, bai ma gan ta ba. An yi mashi magana ya ce idonshi lahiya lau. In wanga abu ya tashi, gobe yana bisa hanya."

Ta juya ta shige gida.

Na daɗe a tsugune da wayar a hannuna. Tsoro ya kama ni, kuma na ji haushin su duka, har da Baban. Yana can kan tabarma a inuwar bedi, ya sa hularsa ta fita, yana jira. Na mai da ƙarfen ƙasa, na ɗaure, na rufe murfin. Ɗaurina bai kai na bakaniken kyau ba.

"Yaya?" in ji Baba da ya ji saukowata.

"Baba, gaskiya ya faɗa maka. Ya mutu."

"Na ji ka murɗa makulli."

"Gwadawa na yi."

Ya ɗago fuska yana neman tawa, ni kuwa na sami kaina ina kakkaɓe wando wanda ba abin da ya taɓa shi. Baba ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Kai ma?" ya ce.